Mako 12 a ajin zanen inji da kwamfuta: abin da ya burge ni da abin da ya ƙona min rai

Tun ranar da na nuna wa abokai ɗan akwatin giyar nan da muka haɗa ake ta tambayata wai ajin ya cancanci a shiga ko kuwa ɓata lokaci ne tunda yanzu komai mutum zai iya kallo a YouTube. Giya ta inji nake nufi fa, mai haƙora, kar wani ya yi min wata fassara. To bari in amsa sau ɗaya in huta. Sunan wurin kam ba zan faɗa ba don akwai ƙorafi a gaba kuma ba tonon silili na zo yi ba, ku dai ɗauka aji ne na mako 12, zama 2 a mako, mu 24, malami 1 da wata mataimakiya da ke kula da injina, firintar 3D guda 2, wato injin da ke fitar da abin da ka zana da roba, sai injin yanka da leza wanda zan dawo kansa don shi ma yana da nasa labarin.

Manhajar da aka koyar da mu da ita Onshape ce. Ita ba a sauke ta a kwamfuta, a burauza ake buɗe ta kamar yadda kake buɗe imel, kuma wannan ya taimaki irina da laftof ɗina ya tsufa har fankarsa na kuka. Wanda ya jagoranci kafa ta, Jon Hirschtick, shi ne dai ya kafa SolidWorks, wata manhajar zanen inji, a 1993, daga baya a 2012 ya sake tara tsofaffin abokan aikinsa suka fara wannan, kamfanin PTC ya saye ta a 2019. Shi ya sa duk wanda ya taɓa SolidWorks in ya zauna gaban Onshape ba ya jin baƙunta sosai. Ba ta da madannin ajiye aiki ma sam, duk abin da ka taɓa yana ajiye kansa kuma kana iya komawa baya ka ga yadda zanen yake jiya ko makon jiya, da wanda ya taɓa shi. Ku riƙe wannan na ƙarshen, zai yi amfani in na zo maganar aikin guruf.

Makon farko da na biyu gaskiya na ɗan fara nadama. Ni na zo da zumuɗin zana mota ko jirgi, sai ga Malam ya tsare mu a kan layi da da'ira da murabba'i, wai sai kowane layi ya koma baƙi. A manhajar in ka ja layi shuɗi yake fitowa, ma'ana bai ɗauru ba, kana iya jan sa da maus ya tafi duk inda ya ga dama, sai ka gaya masa tsawonka kaza ne, kana kwance ne ko kana tsaye, ka haɗu da wancan a nan, sannan ya koma baƙi. In ka cika masa sharuɗɗa masu karo da juna kuma ya yi ja. Malam zai zagayo bayanka ya kama maus ya ja kusurwa ɗaya, in zanen ya motsa ko ya murguɗe sai kawai ya ce "bai ɗauru ba" ya wuce, ko kallon kyan abin ba ya yi. Wani a cikinmu ya ce masa Malam ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ya ce to a nan ajin ido bai san komai ba, kawo lamba. A lokacin haushi na ji, sai can wajen mako na 7 na gane dalilin. Ya ba mu labari ma cewa wannan dabara ta ɗaure layuka ba sabuwa ba ce, tun 1963 Ivan Sutherland ya nuna ta a MIT da manhajarsa Sketchpad, yana zane a kan allon kwamfuta da alƙalami mai haske, shekara 19 kenan kafin manhajar zane ta AutoCAD ta fito a 1982.

Aikin da ya sa na daina raina ajin shi ne na boris. An raba wa kowa boris ɗaya lamba 608, irin wanda ke cikin tayar takalmin gudu mai taya, da ma'auni mai baki wanda ake ce wa kalifa, aka ce ka auna shi da kanka ka zana masa mazauni da zai shiga ya zauna daram ba gam ba noti. Na auna, faɗinsa ta waje milimita 22, ramin tsakiya 8, kauri 7. Me ya fi wannan sauƙi? Na zana rami mai milimita 22 cif, na haɗa su a kwamfuta suka shige kamar an haife su tare, na tura firinta ina ta taƙama. Abu ya fito, boris ya ce bai san zancen ba. Na danna da babban yatsa, na juya shi, na ɗora a tebur na hau da tafin hannu, ko rabi bai shiga ba. Na ɗauka na je na ce Malam ai a kwamfuta ya shiga, ya ce "to ka je ka yi amfani da shi a kwamfutar". Aji ya kwashe da dariya amma ba wanda ya daɗe yana yi don kusan duk ajin haka ta faru da su.

Sai a nan ya zaunar da mu ya yi bayani, kuma wallahi da a makon farko ya yi shi da ta bayan kunne zai bi. Na farko, fayil ɗin da ake tura wa firinta, STL, bai san da'ira ba kwata-kwata, ƙananan alwatika ne yake jerawa su kwaikwayi lanƙwasa, to rami sai ya zama mai gefuna da yawa kuma gefunan nan ta ciki suke cin wuri. Na biyu, zaren robar da ake narkarwa, PLA, yana fitowa ne ta baki mai faɗin milimita 0.4 da zafi wajen digiri 200, yana malala kaɗan gefe da gefe sannan in ya huce ya ɗan tsuke. Na uku, shimfiɗar farko ana danna ta sosai a kan faranti don ta kama, sai gindin abu ya ɗan baje, har suna masu harkar suka ba shi, ƙafar giwa. Duk ka tara waɗannan sai ka ga ramin da ka rubuta 22 ya fito ƙasa da haka. Maganin da ya koya mana ba zato ba ne, gwaji ne: ka fitar da ɗan siririn faranti mai ramuka 5, daga 22.0 kana ƙara 0.1 har 22.4, ka gwada boris a kowanne. A firintar da na yi amfani da ita 22.2 ne ya kama da kyau, a ɗayar kuma 'yan ajin suka ce sai 22.3, inji iri ɗaya fa, roba iri ɗaya. Sannan ka ɗan fere bakin ramin ta ƙasa kamar rabin milimita saboda ƙafar giwar. Ranar da boris ɗin ya shige da 'yar ƙara "ƙas" ya zauna, na juya shi ƙasa bai faɗo ba, kai ka ce wani babban abu na ƙera.

Wannan shi ne abin da bidiyo ba ya ba ka, kuma shi ne amsata ga masu cewa a koya a gida. Maɓallan manhaja kam za ka koya a gida, ƙila ma ka fi mu sauri. Amma mai bidiyo abinsa kullum shiga yake, ba ka taɓa riƙe naka a hannu ya ƙi ba.

Aiki na biyu akwati ne mai murfi na Arduino Uno, wani ɗan allon lantarki da ake ba umarni ya sarrafa na'urori. Ba zan ja shi ba. Allon wajen milimita 68.6 ne da 53.4, ramukan notinsa ba a jere suke daidai ba don haka dole ka auna kowanne, kuma noti mai lamba M3 ba ya wucewa ta rami mai milimita 3, sai ka ba shi 3.4 ko kusa da haka. Ni na manta kwata-kwata cewa wayar USB tana da kai mai kauri, na bar wa soket ɗin rami daidai shi, akwati ya yi kyau amma waya ba ta isa ciki. Magagari da sanfefa suka ƙarasa aikin. Abin da na ƙaru da shi a nan shi ne sanya wa awo suna, ka ce kaurin bango 2 ne sau ɗaya, duk sauran wurare su riƙa karanta shi daga can, ranar da ka mayar da shi 2.4 akwati da murfi da gindin noti duk su gyara kansu. Waɗanda suka bar layukansu shuɗi tun farko su kuma da suka canza lamba ɗaya sai zanen ya watse kamar an taka gizo-gizo, a ranar na yafe wa Malam mako biyun farko.

Akwai kuma ɗan gajeren gwaji na maratayi da na so ƙwarai. Kowa ya zana ƙugiya, aka fitar da ita sau biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, aka rataya bokiti ana zuba ruwa da kwalba mai lita 1, tunda lita 1 na ruwa kilo 1 ne lissafi ba wuya. Wadda aka fitar a tsaye tun bokiti bai yi nisa ba ta ɓalle, kuma in ka duba wurin karayar sumul yake, a kan layin shimfiɗa ta rabu, saboda firinta jera roba take hawa-hawa kuma tsakanin hawa da hawa nan ne rauninta. Ta kwancen kuwa har bokiti ya cika tana nan sai ɗan buɗewa da ta yi. Zane ɗaya, roba ɗaya, yadda aka kwantar da shi kawai ya bambanta. Waɗanda suka bar kusurwar ciki da kaifi su ma tasu a nan ta tsage, masu lanƙwasa a wurin suka fi jurewa.

Babban aikin shi ne akwatin giya, mutum 4 a guruf, mako 4. An ce a yi giya biyu da za su rage gudu sau 3, a sa hannun juyawa, a ɗora su a kan boris. Mu muka zaɓi ƙarama mai haƙori 18 da babba mai 54. Da farko 12 da 36 muka so don abin ya yi ƙanƙanta ya fito da wuri, Malam ya ce a irin haƙorin da aka saba mai kusurwar digiri 20, in ka sauka ƙasa da 17 gindin haƙorin yana fara shiga ciki ya rame, muka haƙura. Girman haƙori ana auna shi da abin da ake kira modul, wato faɗin da'irar da haƙora ke haɗuwa a kai a raba da yawan haƙora. Da modul 1.5 ƙaramar ta zama milimita 27 babbar 81, tazarar tsakiyarsu rabin jimla kenan, 54. Lissafi ɗan kaɗan ne amma sharaɗinsa ɗaya, dole giya biyun su zama modul ɗaya. To mu mun raba aiki, ni ƙarama wani ɗan'uwa babba, ba mu zauna mun tsayar da magana ba, ni na yi 1.5 shi ya yi 2 wai don haƙoran su yi ƙarfi. Sai da babbar ta ci awanni a firinta ta fito muka kara su, haƙora suna hawa kan juna kamar rigima, kuma ga ta ta yi faɗin da ba za ta shiga akwatin ba ma. Aka fara kai ne ni ne, sai mataimakiyar Malam ta buɗe tarihin zanen ta nuna mana ranar da aka canza lambar da sunan wanda ya canza, magana ta mutu. Laifin dai namu ne duka don manhajar tana bari mu huɗu mu shiga zane ɗaya a lokaci ɗaya kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ke yi, mu ne kowa ya buɗe nasa shafin yana ɓoyo.

Wani guruf ɗin kuma suka sauko da zanen hannun juyawa daga intanet, da suka buɗe a manhajar firinta sai ga shi ɗan mitsitsi kamar ƙwayar hatsi. Wanda ya zana da inci ya yi, shi kuma STL lamba kawai yake ɗauka ba ya faɗin inci ne ko milimita, don haka abu ya ragu sau 25.4. Malam ya ce kar su ji kunya, a 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter a kan irin wannan, ɓangare ɗaya na lissafin ƙarfi da ma'aunin fam ɗaya na karantawa a matsayin ma'aunin niyuton. Namu akwatin a karo na biyu ya juya amma da kyar yana ƙara, muka ƙara 0.3 a tazarar tsakiya don haƙora su sami wurin numfashi, a na uku ya tafi sumul, ka juya hannu sau 3 babbar ta zaga sau 1.

Yanzu ƙorafi. Firinta 2 ga mutum 24 wasa ne, kuma wannan ba laifin Malam ba ne na masu wurin ne. Inji ne mai jan rai, kowane hawa milimita 0.2 ne, abu mai tsayin santimita 4 hawa 200 kenan, to ka lissafa guruf 6 kowa da giya biyu da akwati da murfi. Ana cikin haka ɗaya ta toshe a mako na 9 aka kwashe kwanaki ana jiran kayan gyara, layi ya koma kan ɗaya, aka fara 'yar san kai, wanda ya fi kusa da mai riƙe da takardar layi shi ke gaba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk ajin an gina shi a kan ka gwada ka faɗi ka gyara, to in sau ɗaya tak za ka samu fitarwa a mako ina gyaran yake? Guruf biyu haka suka kai aikinsu ranar ƙarshe ba su taɓa ganin ya juya ba. Da ma an tilasta mana fara gwada siffa da kwali da almakashi kafin a je layi, da an rage rabin cunkoson, mu da kanmu muka gano haka a makare.

Intanet ɗin wurin ma ba ta da ƙarfi, kuma sun san manhajar da suka zaɓa ba ta aiki sai da ita, mutum 24 a kan waya ɗaya kana juya zane yana tsalle. Sau biyu muka koma kan datar wayoyinmu. Rabin kwamfutocin kuma ba maus, wai a yi da ɗan faifan laftof, duk wanda ya taɓa gwada juya abu mai fuska uku da yatsa a kan faifan nan ya san azaba ce. Ka zo da naka mai 'yar taya a tsakiya tun ranar farko.

Injin leza kuwa da aka sa hotonsa gaba-gaba a tallan ajin, sau ɗaya muka gan shi yana aiki, mataimakiyar ta yanka mana ɗan katako muna tsaye a baya, aka ce bututun fitar da hayaƙi bai gama haɗuwa ba. Ban ce a kunna shi ba tare da bututu ba, hayaƙin ba abin wasa ba ne, amma to kar a tallata abin da bai shirya ba. Haka zanen takarda, wato fitar da abu ta gaba da sama da gefe da awonsa yadda mai injin feƙe ƙarfe ko mai walda zai karanta ya yi maka, zama ɗaya aka ba shi a gurguje. A ganina wannan babban giɓi ne don ba komai ake yi da roba ba, PLA ma da ta ji zafin wajen digiri 60 ta fara laushi, ranar da kake son abinka da ƙarfe takarda za ka miƙa wa wani, kuma ni har yanzu ban da tabbacin tawa za ta karantu ba tare da na tsaya a kansa ina bayani ba.

Maki kuma na guruf ne gaba ɗaya. A namu akwai wanda sau 3 na gan shi cikin mako 4, ranar nuni ya zo da riga mai guga ya riƙe akwatin aka ɗauki hoto. Tarihin zane yana nan yana nuna wanda ya yi me, ban san me ya hana a duba shi wajen ba da maki ba tunda an duba shi wajen raba mana faɗa.

Wa zan ce ya shiga? Wanda bai taɓa zane a kwamfuta ba kuma ba shi da firinta a kusa, shiga ka yi, ko don boris da ƙugiyar nan. Ba a buƙatar lissafi mai zurfi, in ka iya raba lamba da karanta rula ka wuce wurin. Wanda ya riga ya iya manhajar Fusion ko SolidWorks kuma yana da inda zai fitar da abu, mako 5 na farko zai yi ta hamma. Kafin ka biya ka tambaye su abu uku ƙarara: firinta nawa ke aiki yau ba nawa aka saya ba, mutum nawa ne a aji, kuma sau nawa kowane ɗalibi zai fitar da aikinsa. In sun fara kame-kame ka san sauran.

In maki zan ba su cikin 5, Malam da mataimakiyarsa 5 ba ragi, tsarin ayyukan 4, kayan aiki 2 kuma da sassauci. Ni yanzu na sauke FreeCAD a laftof, wadda ba ta neman intanet kuma sigarta ta 1.0 ta fito a ƙarshen 2024, ina sake zana akwatin giyar daga farko don in ga ko abin da na koya na zanen ne ko na manhaja ɗaya ne kawai. Maɓallan duk sun canza wuri kuma launin layukan ma daban ne, amma jiya na ɗaure zanen gindin akwatin na ja kusurwa da maus bai motsa ba. Kalifa ma na sayi tawa, murfin batirin rimot ɗin da ya ɓace shi ne na gaba a layi, na riga na auna ramin sau uku kuma sau ukun lamba daban ta ba ni.